Tsofaffin fina-finai suna sa ni barci, ta ina zan shiga?

Tambaya: Malam, kullum ina jin masana suna kambama tsofaffin fina-finai, har su ce na yanzu ba su kama ƙafarsu ba. Na nemo jerin fina-finai ɗari da aka ce sun fi kowanne, na fara da Citizen Kane a wayata, ban kai rabi ba barci ya kwashe ni. Na gwada wani na zamanin da ba a magana, hoton dishi-dishi, mutanen ciki sai zabura suke yi kamar an biyo su. Ni ne ba ni da ido, ko yabon ne ya wuce kima? In akwai abin da ke wuce ni, ta ina zan shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka lafiyarsa ƙalau, kuma barcin nan ya kwashi mutane da yawa kafin kai. Yabon ma wani lokaci yakan wuce kima, zan zo kan wannan. Amma daga yadda ka kwatanta abin, na fi zargin kwafin da ka samu da allon da ka kalle shi a kai. Mutane sukan ɗauka fim fim ne, ko'ina aka same shi ɗaya ne. Ga sabon fim, kusan haka ne. Ga fim mai shekara 70 ko 90 kuwa, kwafi biyu na fim ɗaya sukan sha bamban har ka rantse ba mutum ɗaya ya yi su ba.

Mu fara da masu zaburar nan. A zamanin fina-finai marasa magana, da hannu ake juya kyamara, kuma babu ƙayyadadden gudun da kowa ya yarda da shi. Da yawa an ɗauke su a kan hoto 16 zuwa 20 a kowane sakan. Da sauti ya shigo, bayan fitowar The Jazz Singer a 1927, sai aka tsayar da gudu ɗaya, hoto 24 a sakan, domin murya ba ta jure canjin gudu. To idan aka ɗauko fim ɗin da aka yi a kan 16 aka ɗora shi a majigin da ke gudu a kan 24, saurin komai zai ƙaru da rabi. Mai tafiyar ƙasaita sai ya koma sassarfa, mai kuka ya zama abin dariya. Shekara da shekaru haka gidajen talabijin suka riƙa nuna su, har mutane suka zaci haka aka yi su tun asali. Gaskiya ne masu barkwanci irin su Charlie Chaplin da Buster Keaton sukan rage juyin kyamara da gangan a wurin guje-guje don abin ya ƙara sauri, amma da lissafi suke yi, a inda suka zaɓa. Sannan waɗannan fina-finai ba a cika nuna su shiru ba. Ƙaramin gidan sinima yana da mai kaɗa fiyano, babba yana da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Kwafin da wani ya ɗora a intanet ya liƙa masa duk kiɗan da ya zo hannunsa, yana ta maimaituwa ba ruwansa da abin da ke faruwa a allo, ya riga ya kashe rabin fim ɗin kafin ka zauna.

Abin da ya sa kwafi mai kyau ke wuyar samu yana komawa ga abin da aka yi zaren fim ɗin da shi. Har zuwa wajen 1950 sinadarin naitiret ake amfani da shi, mai saurin kama wuta, in ya kama kuma ko ruwa ba ya kashe shi. In an bar shi a wuri mai zafi da laima sai ya manne da juna, daga ƙarshe ya zama gari. Su kansu kamfanonin ba su ɗauki tsohon fim a bakin komai ba. Da ya gama zagayen gidajen sinima ya gama amfani, wasu ma narkar da su aka yi don a cire ɗan azurfar da ke jikinsu. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta lashe akasarin fina-finansa na zamanin da ba a magana. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen fina-finai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kimanin kashi 70 cikin ɗari sun ɓace ɓat. Alam Ara na 1931, fim mai magana na farko a Indiya, babu wanda ya san inda ko kwafi ɗaya yake. Waɗanda suka tsira ma wasu sa'a ce tsagwaronta. Cikakken kwafin The Passion of Joan of Arc na 1928 an tsince shi a 1981 a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo, sannan wajen minti 25 na Metropolis, waɗanda an daɗe da cire rai da su, sun bayyana a 2008 a wani gidan tarihin sinima a Buenos Aires.

Bari in ba ka misali ɗaya na irin wahalar da ake sha kafin kwafi mai kyau ya iso gare ka. Pather Panchali, fim na farko na daraktan Indiya Satyajit Ray na 1955, asalin zarensa ya ƙone a wata gobara a ɗakin wankin fim a Landan a 1993. Ma'ajiyar fina-finai ta hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta tattara ragowar da ta babbake ta ajiye shekara ashirin, ba tare da an san ko za ta yi amfani ba. Daga baya aka kai ta wani ɗakin gyara a birnin Bologna na Italiya, ma'aikata suka jiƙa zaren da ya bushe ya yi ƙamas, suka warware shi a hankali, suka cire narkakken gam, suka sake gina 'yan hudojin gefensa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kusan kashi 40 cikin ɗari na asalin zaren aka iya ceto, sauran aka cike daga kwafe-kwafe mafi kyau da aka samu, aka fitar da gyararren a 2015. Wanda ya kalli tsohon kwafin da ke yawo, a fitowar da yaran biyu suke ratsa filin fararen ciyayi suna neman ganin jirgin ƙasa, toka-toka kawai zai gani. A gyararren kuwa, kowane zangarniyar ciyawa tana sheƙi, ga baƙin hayaƙin jirgin ya keta farin sararin sama. Fitowar gaba ɗaya a kan wannan bambanci na fari da baƙi aka gina ta.

Saboda haka ka koyi duba farkon fim. Gyararren kwafi yakan buɗe da sunan wanda ya gyara shi: Criterion, ko BFI ta Ingila, ko Cineteca di Bologna, ko The Film Foundation da Martin Scorsese ya kafa a 1990, ko Film Heritage Foundation ta Indiya. In ka ga ɗaya daga cikinsu, kwantar da hankalinka. In kuwa ka ga an rubuta cewa kwamfuta ta shafa wa fim ɗin kala, ta ƙara masa santsi, ta mai da shi hoto 60 a sakan, ka yi gaba. Masu ɗaukar hoto na wancan zamani sun tsara haske da inuwa ne suna sane da cewa baƙi da fari za a gani, hatta kalar tufafi da kwalliyar fuska don yadda za su fito a haka aka zaɓe su. An yi wannan rigima a Amurka a shekarun 1980, lokacin da Ted Turner, mai gidajen talabijin, ya fara shafa wa tsofaffin fina-finai kala, daraktoci suka yi ca a kansa har gaban majalisa, kuma rigimar na cikin abin da ya haifar da dokar adana fina-finai ta 1988. 'Yan ɗige-ɗigen da kake gani suna motsi a gyararren hoto ma jikin zaren ne, in aka goge su sai fuskokin mutane su koma kamar na roba. A talabijin ɗinka kuma, ka shiga saiti ka kashe abin nan da ke ƙara wa motsi santsi, wanda aka yi don kallon ƙwallo.

Akwai kuma siffar hoton. Daga farkon shekarun 1930 zuwa 1953 hoton fim kusan murabba'i ne, faɗinsa ya ɗara tsayinsa kaɗan. A talabijin na yanzu dole ka ga baƙi a dama da hagu. Ka bar shi haka, kada ka ja hoton ya cika allo, in ba haka ba kowa zai yi ƙiba ko a sare musu kawuna. Daga 1953, da Hollywood ta ga talabijin na janye mata 'yan kallo, sai ta fito da faffaɗan allo na CinemaScope. Su kuma waɗannan, da aka zo saka su a kaset da tsohon talabijin, sai aka datse gefe da gefe, wani lokaci kusan rabin hoton. Kallon irin wannan kwafi kamar leƙen taro ne ta kafar ƙofa: kana jin mutum biyu suna gardama, ɗaya kawai kake gani.

Yanzu mu zo kan wayar taka. Citizen Kane yana daga cikin fina-finan da ƙaramin allo ya fi cuta. Akwai wata fitowa a farko-farkonsa: uwar yaron tana zaune dab da kyamara tana sa hannu a takardar da za ta miƙa ɗanta ga wani ma'aikacin banki ya rene shi, uban yana tsaye daga baya yana ƙorafin da ba mai sauraro, can nesa kuma ta taga ana hango yaron yana wasa a ƙanƙara, bai san ana yanke masa rayuwa ba. Mai ɗaukar hoton, Gregg Toland, ya sa su ukun duka sun fito tar a lokaci ɗaya, na kusa da na nesa, ba a yanka ba, ba a matso da fuskar kowa ba. Kai ne za ka riƙa kai ido daga uwa zuwa uba zuwa taga. A waya, yaron nan bai fi ɗigon tawada ba, sai ka ga manya uku kawai suna maganar takarda, wa zai ƙi yin barci? Haka shigowar Omar Sharif a Lawrence of Arabia na 1962, inda yake farawa a matsayin wani baƙin ɗigo a ƙarshen hamada yana tahowa a hankali cikin kawalwalniya. An ɗauke shi a faffaɗan zare mai milimita 65, aka nuna shi a mai milimita 70 don ƙaton allo. In ɗigon bai ganu ba, fargabar ba za ta zo ba.

Wannan ya kawo mu maganar jan ƙafa. Masanin fim David Bordwell ya auna cewa tsakanin 1930 da 1960, fim ɗin Hollywood yakan bar ɗauka ɗaya ta yi sakan 8 zuwa 11 kafin a yanka zuwa wata. Fina-finan zamanin nan da yawa sakan 3 zuwa 6 suke yi, na faɗa ma ƙasa da haka. Idon da ya saba da na yanzu ya saba a riƙa nuna masa inda zai duba: ga fuska, ga hannu, ga bindiga. Tsohon fim yakan tsayar da kyamara ya bar maka aikin. Da zarar ka daina jiran a yanka ka fara yawo da ido cikin hoton, kana duba wanda ya yi shiru a gefe da wanda ya juya baya, abin da ka kira jan ƙafa zai cika da motsi. Wannan sabo yana ɗaukar fim uku ko huɗu kafin ya zauna. Abin mamaki kuma, ta fuskar labari tsofaffin sun fi sauri. Da yawa minti 90 ne, kuma cikin minti goma na farko an gabatar da kowa an ƙulla rikici.

Jerin ɗari ɗin nan da ka nemo shi ma ya ba ka ƙafa. Mafi shahara a cikinsu na mujallar Sight and Sound ne ta Ingila, wadda ke tambayar masu sharhi duk shekara goma tun 1952. Citizen Kane ya riƙe kambun daga 1962 zuwa 2002, Vertigo ya karɓe a 2012, a 2022 kuma aka ba wa Jeanne Dielman, fim na fiye da awa uku wanda yawancinsa wata mata ce ke aikin gida. Masu jefa ƙuri'ar nan mutane ne da suka ga dubban fina-finai, suna auna wane ne ya sauya sana'ar. Wannan tambaya daban take da ta mutumin da ke son ya ji daɗin darensa. Ga kuma wani abu: dabarun da suka girgiza mutane a 1941, shekarar da Citizen Kane ya fito, an kwaikwaye su sau dubu, ka riga ka gan su a talla da fina-finan talabijin, don haka ba za su ba ka mamaki ba sai ka san yadda fim yake kafin su.

Ni dai wanda ya zo mini da irin tambayarka, 12 Angry Men na 1957 nake fara ba shi. Minti 96 ne, kusan duka a ɗaki ɗaya. Mutum goma sha biyu, masu taya alƙali yanke hukunci, an kulle su a ranar tsananin zafi su yanke ko wani matashi ya kashe mahaifinsa. Sha ɗaya sun ce ya aikata, ɗaya ya ce a tsaya a sake dubawa. Babu faɗa, babu mota, amma ban cika ganin wanda ya tashi a tsakiyarsa ba. In ka kalle shi karo na biyu, ka lura da abin da darakta Sidney Lumet ya yi da kyamara. A kashin farko tana sama da kawunansu, ɗakin yana da fili. A tsakiya ta sauko daidai ido. A ƙarshe tana ƙasa tana kallon sama har rufin ɗakin ya shigo hoto, kuma ya riƙa canza gilashin kyamara zuwa wanda ke matso da bango kusa. Ɗakin bai canza ba, amma kai mai kallo numfashinka ke ƙuntata, ga gumi ya jiƙa rigunansu. Ranar da ka fara kama irin wannan da kanka, ka shigo.

Bayansa, Rear Window na Alfred Hitchcock na 1954: mai ɗaukar hoto ya karye a ƙafa, yana zaune yana leƙen maƙwabta ta taga, sai ya fara zargin ɗayansu ya kashe matarsa. Sai The Wages of Fear, fim ɗin Faransa na 1953, inda mutum huɗu ke tuƙa manyan motoci biyu maƙare da sinadarin da ɗan girgiza kaɗan ke sa shi fashewa, a kan mummunar hanya. Gargaɗi ɗaya: wajen awa guda na farko a ƙauye ake zaman kashe wando, ka yi haƙuri da shi, abin da ke biyo baya zai biya ka. A marasa magana kuwa, ka fara da Buster Keaton. Sherlock Jr. na 1924 minti 45 ne kacal. A Steamboat Bill, Jr. na 1928 gaban gida sukutum ya faɗo a kansa, ya tsira don yana tsaye daidai inda buɗaɗɗiyar taga ta sauka, da tazarar 'yan inci. Bangon gaske ne, shi ne kuma a tsaye a wurin da kansa. A The General na 1926 jirgin ƙasa na gaske aka tura kan gadar da ke ci da wuta ya rufta cikin kogi. Sanin cewa babu kwamfuta a lamarin yana ƙara wa kallon wani armashi da fina-finan yanzu ba su iya bayarwa.

Daga nan sai ka ajiye jeri ka bi zare. Duk fim ɗin da kake so yana da uba da kaka. In kana son Sholay na 1975, inda aka ɗauko 'yan daba biyu su kare ƙauye daga ɗan fashi, ka koma The Magnificent Seven na 1960, daga nan ka isa Seven Samurai na Akira Kurosawa na 1954, wanda shi ne tushen. In fina-finan kaboyi na Clint Eastwood ne suka burge ka, A Fistful of Dollars na 1964 labarin Yojimbo ne na Kurosawa aka ɗauka ba izini, har ta kai ga shari'a aka biya. Satyajit Ray ya kalli Bicycle Thieves na Italiya a Landan a 1950, fim ɗin da aka yi a kan titi da mutanen da ba 'yan wasa ba, jaruminsa ma ma'aikacin masana'anta ne, ya fito da niyyar yin nasa haka. Wani lokaci ma mai ɗaukar hoto ya fi darakta cancantar a bi. Hasken da ke ratsa duhu a Pyaasa na 1957 da Kaagaz Ke Phool na 1959, duka na Guru Dutt, aikin V. K. Murthy ne. Wannan hanya ta fi jeri domin kowane fim yana ba ka dalilin kallon na gaba.

Kada kuma ka bari a ce maka tsohon fim na Amurka da Turai ne kawai. Youssef Chahine ya yi Bab al-Hadid a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira a 1958, shi da kansa ya fito a gurgun mai sayar da jarida. Ousmane Sembène na Senegal ya yi La Noire de… a 1966, labarin budurwar da ta bi iyayen gidanta Turawa zuwa Faransa ta tarar da kanta a kulle a kicin, kusan awa ɗaya ne kawai. Mandabi nasa na 1968, da harshen Wolof, a kan magidancin da takardar kuɗi daga Paris ta jefa shi cikin wahalar ofisoshi, yana da ban dariya da ban haushi a haɗe. Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty na 1973 an gyara shi a 2008, kuma tun 2017 akwai shiri na musamman tsakanin The Film Foundation da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka na gyara fina-finan nahiyar guda 50. Tokyo Story na Yasujiro Ozu na 1953, a kan tsofaffin da suka kai wa 'ya'yansu ziyara birni suka tarar ba mai lokacinsu, ka ɗan jinkirta shi sai idonka ya saba, domin kyamararsa kusan ba ta motsi.

Wasan 'yan fim na da yakan yi wa sabon shiga yawa. Da yawansu daga dandamali suka fito, inda dole na kujerar ƙarshe ya ji ya gani, kuma na'urar ɗaukar murya ta farkon shekarun 1930 sai an furta kowace kalma dalla-dalla. Salon gunguni da in'ina irin na mutanen gaske ya yi ƙarfi ne da zuwan su Marlon Brando a farkon shekarun 1950. Ka ɗauki na da a matsayin salo mai dokokinsa, kamar yadda ka yarda jarumi ya ɓarke da waƙa a tsakiyar labari. Haka in ka ga ana tuƙi, titi na wucewa a baya a wani allo da aka haska, su ma 'yan kallon wancan lokaci sun san dabara ce. Akwai kuma dokar tace fina-finai ta Hollywood, wadda aka tsaurara daga 1934 ta kai har 1968. Ta hana nuna abubuwa da yawa, ta kuma wajabta mai laifi ya gamu da sakayya. Marubuta sai suka koma habaici da zaurance. Ƙofar da aka rufe, kallon da ya ɗan daɗe, hoton da ya dushe aka wayi gari, duk magana ce. Wanda bai san da wannan ba zai ce ba abin da ya faru.

Na ce zan dawo kan yabon da ya wuce kima. Masu cewa fina-finan da duk sun fi na yanzu sun manta cewa abin da suke kallo tatacce ne. Hollywood kaɗai ɗaruruwa take fitarwa kowace shekara, yawancinsu shirme ne da aka manta da shi, kuma ya cancanci a manta. Cikin waɗanda ake yabo ma akwai masu ɗauke da ƙazanta. The Birth of a Nation na 1915 ana koyar da shi don dabarun tace hoto, amma fim ne da ya mai da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙar fata a Amurka, jarumai, ya kuma taimaka wajen farfaɗo da ƙungiyar. Sanders of the River na 1935 tallar mulkin mallaka ce, har Paul Robeson, ɗan wasa baƙar fata ɗan Amurka da ya fito a ciki, ya barranta da shi daga baya. Za ka yi ta cin karo da Bature ya shafa baƙi ya fito a baƙar fata, ko an mai da Balarabe da ɗan Afirka kayan ado a bayan fage. Ba a ce ka yafe ba, ba a kuma ce dole ka kalla ba. Kana iya gane gwanintar aiki ka kuma ƙi abin da aka yi aikin dominsa. Kuma in ka ba shahararren fim rabin awa, a kwafi mai kyau, a allo mai girma, bai kama ka ba, kashe shi ka gwada wani. Wasu sai bayan shekaru suke buɗe wa mutum, wasu har abada.

Inda za ka same su ya danganta da ƙasar da kake. A Amurka haƙƙin mallaka yana ƙarewa shekara 95 bayan fitar fim, don haka kowace ranar 1 ga Janairu fina-finan wata shekara guda suke zama na kowa, kuma shafin intanet na Internet Archive cike yake da su. Sai dai a nan ne munanan kwafe-kwafe suka fi yawa, tunda kowa na iya ɗorawa, sai ka gwada biyu ko uku ka zaɓa. Ma'ajiyar fina-finai ta Koriya ta Kudu da kamfanin Mosfilm na Rasha suna da tashoshinsu a YouTube, inda suka saka tsofaffin fina-finansu kyauta, da yawa da fassara a rubuce. Shafukan kallon fim na MUBI da Criterion Channel na biya ne, na biyun a Amurka da Kanada kawai yake aiki. In kuma wata cibiyar al'adu ko bikin fina-finai ya sanar da nuna tsohon fim a babban allo, kada ka bari ya wuce ka, musamman na barkwanci, domin an auna tazarar kowace raha ne da tsawon dariyar jama'a.

In kana da zaɓi tsakanin fassarar da aka rubuta a ƙasan allo da wadda aka ɗora wata murya a kai, ɗauki rubutacciya, ka ji muryar ɗan wasan da kansa. Ka rage hasken ɗaki, domin baƙi da fari a cikin haske yakan wanke. Sauti ma ka kula da shi, tsofaffin muryoyi ba sa fita da kyau a ƙaramar lasifikar waya. Sharhi da tarihin fim ka bar su sai ka gama kallo. Sannan kafin ka danna, duba tsawon kwafin ka gwada da tsawon da aka san fim ɗin da shi, saboda masu rarraba fina-finai na da ba sa jin nauyin sa almakashi. Seven Samurai minti 207 ne, da hutu a tsakiya. In ka ga wanda bai kai awa uku ba, an zaftare shi, kuma yawanci abin da ake zaftarewa shi ne zaman da mayaƙan suka yi da manoman kafin yaƙi, wanda in babu shi ba za ka damu da wanda ya mutu a cikin ruwan sama da taɓon ƙarshe ba.